Buhun tsofaffin bulolin LEGO daga gwanjo: yadda ake tsince shi kafin a sayar

Tambaya: Ina sana'ar gwanjo a Kasuwar Barci da ke Tudun Wadan Kaduna. Daga dilolin kayan wasan yara da nake fasawa na tara bulolin roba irin waɗanda yara ke gini da su, har sun cika buhu, ya kai kilo 20. A cakuɗe suke, ga datti. Wani ya taya buhun gaba ɗaya a kilo, wani kuma ya ce in na tsince zan fi samu. Ta ina zan fara, yaya zan gane na asali, kuma waɗanne ne masu tsada?

Malam, kada ka sallama buhun nan a kilo tukuna. Wanda ya taya shi a dunƙule ya san abin da ya hango. A irin wannan buhu kuɗin ba a nauyi yake ba, yana cikin 'yan abubuwan da ba za su cika mudu biyu ba: 'yan mutum-mutumin nan, dabbobi, injina, da wasu ɓangarori da aka daina yi. Ragowar kuma farashinsa ya dogara ga abu guda, ko gangariyar LEGO ce ko an garwaya ta da wasu. Saboda haka aikinka biyu ne, kuma a jere suke: ka fitar da abin da ba LEGO ba, sannan ka tsame masu tsada. Warewa launi-launi, wadda kusan kowa ke farawa da ita, ita ce ta ƙarshe, sau da yawa ma ba a bukatarta.

Kafin ka kashe kwanaki, ɗebi samfur. Buhun da ya sha jijjiga a mota, ƙananan ɓangarori sun gangara ƙasa, manya sun taso sama, don haka abin da ka gani a baki ba shi ne cikin buhun ba. Ɗebo daga sama, daga tsakiya, daga ƙasa, har su kai kilo 1. Ware LEGO gefe, sauran gefe, ka auna a sikelin kicin. Idan LEGO ya kai giram 700, to kana da wajen kilo 14 na gaske a buhun. Ƙirga giram 100 daga ciki. In ka samu guda 80, kilo ɗaya na da 800 ke nan, kilo 14 kuma sun haura guda dubu 11, ka san girman aikin da ke gabanka. Idan LEGO bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kada ka zurfafa, tsame 'yan mutanen ka sayar da sauran a kasa. Wannan gwajin shi za ka riƙa yi duk ranar da aka kawo maka tayin buhu, don kada ka yi cinikin biri a sama.

Sai mu daidaita sunaye, domin da su ake ciniki. 'Yan tudun da ke saman bulo mu kira su haƙora, ƙarƙashinsa kuma akwai bututu da haƙoran ke kamawa. Da haƙora ake faɗin girma: 2 x 4 shi ne mai layi biyu na haƙora huɗu-huɗu, nauyinsa wajen giram 2.3. Daga tsakiyar haƙori zuwa tsakiyar na kusa da shi milimita 8 ne. Kaurin bulo milimita 9.6 ne ban da haƙorin. Siririn, wanda za mu kira falle, milimita 3.2 ne, wato falle uku in an ɗora su daidai suke da bulo ɗaya. Fallen da samansa sumul yake babu haƙori shi ne tayil. Babban faifan da ake gini a kansa kuwa daɓe, wanda aka fi samu shi ne 32 x 32, faɗinsa ya ɗan haura santimita 25.

Tsintar farko a bushe ake yinta. Shimfiɗa farin zani ko tsohon zanin gado a kan tabarma, a inuwa mai haske, ka riƙa zuba mudu biyu-biyu kana bajewa. Kada ka tsoma hannu cikin buhu kana lalube, ana samun allura, fasasshen gilashi da ruɓaɓɓen batir. Tarkace su tafi shara. Akwai kuma abubuwan da dole a cire su yanzu saboda ruwa na kashe su: duk abin da ke da waya ko gidan batir, ɓangarorin da aka manna wa sitika, mayafan ƙyalle na 'yan mutanen da filafilan jirgin ruwa, masu fentin azurfa ko zinare mai ƙyalli, da littattafan koyar da haɗawa. Littafin nan ko ya yage ka ajiye, lambar da ke bangonsa za ta yi maka aiki nan gaba. Haka duk wani gini da ka tarar bai gama wargajewa ba, rabin mota ko bangon gida, kada ka ɓalle shi. Ɗauki hotonsa, ka sa shi a leda shi kaɗai. Shi ne shaidar da za ta gaya maka daga wane kwali kayan suka fito.

Yanzu babban aikin, gane na asali. Kamfanin LEGO na garin Billund ne a ƙasar Denmak. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, ya kafa shi a 1932, kuma tsarin haƙori da bututun nan a 1958 aka yi masa rajista. Tun ƙarshen shekarun 1970 kariyar wannan rajista ta fara ƙarewa, shi ya sa kamfanoni da yawa ke yin bulo mai shiga da na LEGO. Wasu halastattu ne da sunansu, kamar Mega Bloks na Kanada, Cobi na Folan, Oxford na Koriya ta Kudu, da Sluban na Sin. Wasu kuma kwafi ne tsagwaronsa, irin Lepin, wanda 'yan sandan Shanghai suka rufe a 2019, amma kayansa har yau suna yawo a dila. Ga mai saye dai duk ɗaya ne, in ba LEGO ba ne ba zai biya kuɗin LEGO ba.

Alamar da ta fi tabbas ita ce rubutun. Kusan kowane haƙori na bulon asali yana ɗauke da kalmar LEGO, ƙanana, a ɗan karkace, sun ɗan taso. Karkata bulon ga haske za ka gani, in ido ya gaji jawo shi da kyamarar waya. Haƙorin da yake sumul, ko mai wani suna, ko mai ɗan lotsawa a tsakiya babu rubutu, gefe. Tayil da sauran marasa haƙori a ƙarƙashi ko a ciki ake duba sunan, galibi tare da wasu lambobi. Bayan rubutu sai riƙo: haɗa biyu, su shiga da ɗan sauti, su kama, ka kife su ba su faɗi ba, kuma su rabu ba da kokawa ba. Na jabu ko dai ya yi sako-sako, ko ya cije sai da wuƙa. Da yawansu kuma launinsu a dushe yake, gefensu na da ɗan gemun roba da ya rage daga inji, in ka zuba su a faranti sautinsu a dakushe yake. Amma kada ka dogara da waɗannan su kaɗai, domin wasu masana'antun Sin na yanzu sun ƙware, a hannu ba za ka bambance ba, rubutun ne kawai ke tona su. Akwai kuma 'yan mitsi-mitsin ɓangarori na asali da ba su da wurin rubutu. Waɗannan ka tara su a gwangwani guda na kokwanto, ka koma kansu bayan idonka ya saba.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi a nan shi ne zubar da na asali saboda bai yi kama da bulo ba. Sassan Bionicle, da aka fara a 2001, kamar ƙasusuwa da fuskokin dodanni suke. 'Yan matan Friends na 2012 sirara ne, ba su da siffar 'yan mutanen da aka saba. Na Fabuland, daga 1979 zuwa 1989, kawunan dabbobi gare su. Na Technic kuwa sanduna ne masu huji, da giyar inji, da 'yan ƙusoshin roba. Duk LEGO ne. Juya abu ka nemi suna kafin ka jefar.

Ni a ganina a cire jabu kafin wanki ya fi, don kada ka ɓata ruwa da sabulu a kan abin da ba zai biya ba. Wankin kansa ba wuya, sai dai a nan ake lalata kaya. Robar LEGO tun 1963 nau'in ABS ce, tana da ƙarfi amma ba ta son zafi, kamfanin da kansa ya ce kada ruwa ya wuce digiri 40. Wato ɗumin da za a yi wa jariri wanka, ba ruwan da aka sauke daga wuta ba. Zuba kilo 2 a baho, ruwa ya sha kansu, sabulun ruwa na wanke-wanke cokali biyu, a bar su minti 20 zuwa 30, a riƙa juyawa da hannu. Masu dattin da ya daskare tsakanin haƙora a bi su da tsohon buroshin haƙori mai laushi. A ɗauraye sau biyu a gwagwa mai ƙananan huji, kuma a ɗora gwagwar a kan wani bahon, in ba haka ba hannayen 'yan mutanen da ƙananan fitilu za su bi ruwa su tafi kwata. Masu garai-garai kamar gilashi a wanke su daban, domin gogayya da sauran na karce su. Kada bilic ya taɓa su. Kada fetur, kananzir, tina ko ruwan goge farce su kusance su, wannan na ƙarshen narkar da robar yake yi nan take, ya bar tabon da ba ya gyaruwa.

Shanya a inuwa ake yi. Kada a baza su a rana, balle a kan kwanon rufi, kuma kada a bar buhu a but ɗin mota a zafin watan Maris da Afrilu, daɓe da dogayen falle su ke fara lanƙwashewa. Ruwa na maƙalewa a cikin bututun, saboda haka a girgiza su sosai a gwagwa, a baje a kan tawul, fanka na kaɗawa, a juya su sau biyu ko uku. Da hunturu kwana ɗaya ya isa, amma a rufe da tsohon gidan sauro, ko kuwa ƙura ta mayar da aikin baya. Da damina a ba su kwana biyu. Bulon da aka ƙulle a leda da sauran laima, cikin mako guda zai yi warin da mai saye zai ji tun kafin ya buɗe.

Za ka ga farare, shuɗaye da masu ruwan toka da suka koma ɗorawa-ɗorawa. Ba datti ba ne, hasken rana ne ya ci robar, sabulu ba ya fitar da shi. Wasu na jiƙa su a ruwan haidurojin na kemis (hydrogen peroxide), mai kashi 3 cikin ɗari, a roba mai garai-garai a rana na wasu awoyi, su yi fari. Yana aiki, amma launin kan dawo bayan wani lokaci, robar na iya yin gautsi, shuɗi da ja kuma su yi hazo. Ban ga dalilin yin wannan ga bulo na gama-gari ba, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Ga mai zane a jiki kuwa kada ma a gwada. In ka yi wa wani babban ɓangare, ka gaya wa mai saye.

To, sai warewa. Dalilin da ya sa ba a farawa da launi shi ne: a cikin baho cike da jajaye zalla, neman ɗan jan falle 1 x 2 wahala ce, amma a cikin robar da falle 1 x 2 ne kawai, ja daga nesa kake hango shi. Ido na gane launi da kansa, siffa ce ke bukatar taimako. Fara da girma. Samu kwandon roba mai huji kamar faɗin yatsa, ka girgiza, ƙanana su zube, manya su tsaya. Sannan ka jera robobi bakwai ko takwas: bulo, falle, tayil, masu gangare, tayoyi da ƙafafun mota, tagogi da ƙofofi da gilasai, kayan Technic, sai ta sauran da ba ka san sunansu ba. Kada ka wuce haka a zagayen farko. Duk robar da ta cika ta yi yawa, ita za ka sake rabawa. Waɗanda suka manne da juna kada a sa musu haƙori ko wuƙa, tabon cizo na karya farashi. Akwai wani ɗan maɓamɓari na roba, ruwan lemo, da kamfanin ke sakawa a manyan kwalaye, da wuya buhu mai kilo 20 ya rasa guda ɗaya. Yi hankali da masu launin ƙasa-ƙasa da ja mai duhu, na wasu shekaru suna da gautsi, falle kan tsage biyu a hannu.

Duplo shi ne mafi sauƙin warewa, manyan nan na ƙananan yara da aka fara a 1969, ninki biyu na bulo ta kowace fuska. Suna da nauyi, don haka kada su shiga awon kilo na sauran. Kasuwarsu daban ce, kuma dabbobinsu da jiragen ƙasansu na tafiya da wuri.

Gano sunan ɓangare kuwa, juya shi. Yawancin waɗanda aka yi a shekarun baya-bayan nan suna da lamba mai alƙaluma huɗu ko biyar a ciki, ita ce lambar siffarsa. Bulo 2 x 4 shi ne 3001, 2 x 2 shi ne 3003, 1 x 2 shi ne 3004, falle 2 x 4 kuma 3020. 'Yan lambobin da ke gefe masu ɗan layi a tsakani na injin da ya zuba shi ne, ba su da amfani gare ka. Rubuta lambar a shafin BrickLink, wanda shi ne babban kundin masu wannan sana'a, an kafa shi a 2000, LEGO ta saye shi a 2019. Zai nuna maka hoton ɓangaren, launukan da aka taɓa yinsa, shekarun, da duk kwalayen da ya fito a ciki. Wanda ba shi da lamba, ɗora shi a farar takarda ka ɗauki hoto, ka gwada Brickognize ko Google Lens, sannan ka tabbatar a kundin. Tayoyi girmansu a rubuce yake a gefe, kamar 43.2 x 22, da shi za ka haɗa huɗu-huɗu. In ka ga an rubuta Pat. pend. a cikin bulo, tsoho ne na shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Na kafin 1963 wata roba ce daban da ke murɗewa da tsufa, shi ya sa ba sa zama daidai. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada, jan bulo 2 x 4 na shekara hamsin bai fi na bara kuɗi ba.

Launi ɗaya ne ya cancanci ka zauna a kansa, ruwan toka. A 2004 kamfanin ya sauya shi: tsohon yana da ɗan ɗumi kamar ya sha hayaƙi, sabon yana da shuɗi-shuɗi. Haka aka sauya toka mai duhu da launin ƙasa. A kundin za ka ga Light Gray da Light Bluish Gray, Dark Gray da Dark Bluish Gray, Brown da Reddish Brown. Mai neman cika tsohon gidan sarauta ko jirgin sama jannati ba zai karɓi sabon launi ba, kuma in ka cakuɗa masa zai dawo da kaya. Ajiye bulo ɗaya-ɗaya na kowanne da ka tabbatar, ka manna su a kwali da suna, ka riƙa gwadawa da hasken safiya. A ƙarƙashin ƙwan lantarki duk iri ɗaya suke.

'Yan mutanen nan su ne zuciyar buhun. An fara su a 1978, tsayinsu santimita 4, kuma kowanne gaɓoɓi tara ne: kai, gangar jiki, damtse biyu, tafin hannu biyu, ƙugu, ƙafa biyu, ban da gashi ko hula. A buhun gwanjo a warwatse za ka same su, saboda haka duk kai, duk hula, duk takobi, kofi ko sanda, a tara su a roba mai murfi tun tsintar farko. Sau da yawa hular ko mayafin ya fi jikin tsada. Su ne kuma aka fi yi wa jabu. Cire kan ka duba saman wuya, akwai LEGO. Cire ƙafafu ka duba saman ƙugu tsakanin turaku biyun, akwai LEGO. Ƙarƙashin gangar jiki galibi akwai lamba 973. Ɗan fentin baƙi ko fari da za ka gani a gaban wuyan wasu ba lahani ba ne, alama ce ta injin buga zane, kada ka kankare. Zanen na asali tsaf yake, layukansa ba sa zuba, na jabu kan yi kauri ko ya goce gefe. Duba kowace gaɓa daban, don ana samun jikin asali da kan jabu.

Haɗa su daidai shi ne inda ake samun riba. Fara daga gangar jiki, nemo zanenta a kundin, zai nuna maka kan da ƙafafun da hular da suka dace. Launin fata ma jagora ne: na labaran kamfanin kansa, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana, mayaƙan Ninjago, rawaya ne. Waɗanda aka ɗauko daga finafinai tun wajen 2004 launin fatar mutum ake yi musu. Ke nan ɗan Star Wars mai rawayan kai na farko-farko ne, tunda a 1999 aka fara su, a duba shi da kyau. 'Yan sama jannati na 1978 zuwa shekarun 1980 masu tambarin zinare a ƙirji, farashinsu na bin yadda zinaren ya rage da kuma ko igiyar haɓar hularsu ta tsage. Dabbobi ma kada a raina su. Akuyar LEGO a kwali ɗaya tak ta fito a 2011, mai lamba 7189, ta yi shekaru tana tsada kafin a sake yin wata a 2024. Dawakai, shanu, raƙuma, giwaye, kowanne a duba shi. Lahanin da mai saye ke fara nema su ne tsaga a gefen jiki ƙarƙashin hammata, tsaga a bayan dunduniya, tsaga a damtse kusa da wuyan hannu, da ƙafafun da suka saki har ba ya iya tsayuwa. Kada ka riƙa cire damtse kana mayarwa don gwaji, shi ke kawo tsagar.

Ledojin ginin da ka ajiye da farko, yanzu lokacinsu ya yi. Lambar motar da ke kan sitika sau da yawa ita ce lambar kwalin. In babu, ɗauki ɓangaren da ya fi baƙunta, ka ga kwalaye nawa ya fito a launin nan. In biyu ne ko uku, ka kusa. Kundin zai ba ka jerin duk abin da ke cikin kwalin, shafin LEGO kuma yana da littattafan haɗawa kyauta. Amma kafin ka fara farauta, duba abu biyu: 'yan mutanen kwalin suna nan? Manyan ɓangarorinsa na musamman suna nan? In babu su, bar shi, domin cike giɓin daga waje zai cinye ribar. In suna nan, cikakken gini ya fi kilo nesa ba kusa ba.

Kayan lantarki a gwada su ɗaya-ɗaya. Buɗe gidan batir, in akwai farin gari a kan ƙarfen, goge da auduga da ɗan ruwan tsami na binega, a bushe sarai. Layin dogo mai ƙarfe a sama na tsarin 9V ne da aka fara a 1991, ana nemansa sosai, sai dai robar wayoyinsa kan ruɓe ta zube. Ƙwaƙwalwar Mindstorms, wato robot ɗin LEGO, ko NXT ta 2006 ko EV3 ta 2013, da injinanta, makarantun da ke koyar da haɗa robot su ne masu sayensu. Wanda ba ka gwada ba ka rubuta ba a gwada ba.

Farashi a kundin BrickLink ake dubawa, amma a wurin da ya dace. Akwai kuɗin da masu sayarwa ke nema, akwai farashin da aka saya da gaske cikin wata shida da suka wuce, kuma kowanne an raba sabo da tsoho. Matsakaicin tsoho da aka saya shi ne naka. Wannan ma farashin Turai da Amurka ne, mai saye a Abuja ko Legas zai nemi ragi, amma kana da abin da ba su da shi, wato babu kuɗin jirgi da jiran makonni. Amfanin lambar shi ne ka san wanne ne na dala 1, wanne ne na dala 30, don kada su tafi a leda ɗaya.

Kayanka za su kasu uku. Masu tsada, ɗaya-ɗaya a leda mai zif da lamba a jiki, a tallata su a Jiji, Facebook da Instagram da hoton gaba, na baya, da na sunan da ke wuya, tsaga kuma a nuna ta a fili. Na biyu gangariyar LEGO wankakkiya, a ƙulla giram 500 ko kilo 1, ga iyaye a Barnawa, Malali ko Unguwar Rimi da makarantu masu zaman kansu. A nan haɗi ne ke sayarwa: bulo ya fi yawa, falle, tayoyi huɗu da abin riƙe su, ƙofa, tagogi biyu, da ɗan mutum ɗaya ko biyu na gama-gari, yadda yaro zai buɗe ya gina abu nan take. Na uku waɗanda ba LEGO ba, masu kyau a cikinsu, a sayar da su da sunansu a farashinsu, suna da masu so. Kada ko guda ya koma cikin na biyu don cika awo, wake ɗaya ke ɓata gari, kuma masu tara kayan nan sun san juna. Cizazzu, tsagaggu da lanƙwasassu a fitar da su gaba ɗaya. Wanda za a aika ta tasha, leda biyu sannan kwali, daɓe kuma a matse shi tsakanin kwali biyu a kwance.

Akwai haƙƙin yara a cikin wannan ciniki. Ƙananan bulo ba na yaron da bai kai shekara 3 ba ne, yana iya haɗiyewa ya shaƙe, Duplo ne nasu, ka faɗa wa duk uwar da ta zo saye. Maganaɗisun tsofaffin jiragen ƙasa da ƙananan batura kada su shiga ledar yara ko kaɗan. Wani bincike na Jami'ar Plymouth a Ingila a 2018 ya samu sinadarin kadmiyam a wasu jajaye da rawayen bulo na shekarun 1970, don haka waɗanda ka gane tsofaffi ne sosai a ware su ga manya masu tarawa, kada su je nazare inda komai baki ake kai shi.

Shi kuma mutumin da ya taya a kilo, kada ka kore shi. Bayan ka tsame 'yan mutanen, dabbobi, injina da ginin da za su cika, ka kira shi ka nuna masa ragowar a wanke, babu jabu, ka gaya masa a fili cewa an cire 'yan mutanen. Ka auna a gabansa. Farashin kilo na wankakken LEGO zalla daban yake da wanda ya taya buhun datti, daga nan za ku fara magana.